Dokar Ja da Baya

Barista Mashkura Lawal ba lauyar kotu ba ce. Tun da ta gama hidimar ƙasa aka ɗauke ta a sashen shari'a na wata hukuma da ke kula da kasuwanni a Abuja, kuma aikinta bai wuce rubutu ba. Ita ke tsara ƙa'idoji, ita ke gyara yarjejeniyoyi, ita ke riƙe biro idan an zauna taro. 'Yar Katsina ce, doguwa, ba ta da yawan magana. A ofis an san ta da hali guda: duk takardar da ta bi ta teburinta sai ta fito ja-jawur da gyara, kamar an yanka kaza a kanta.

Abin da ya dagula mata zaman ofis ya faru ne a kasuwar Dei-Dei, ɓangaren masu kayan gini. Wata rana da hantsi, wata tirela maƙare da rodi tana ja da baya a wani matsattsen layi, shagunan siminti a dama, rumfunan katako a hagu. Direban, Jonah, mutumin Akwanga ne, ya daɗe yana shiga kasuwar. Wanda yakan tsaya masa a baya ya tafi kiran leburori, shi kuwa masu motocin da ya tare wa hanya sun dame shi da oda, sai ya duba madubi ya ga babu kowa, ya saki birki. A bayan motar akwai Lydia, mai sayar da shinkafa da wake, tana durƙushe tana wanke kwanuka. Tayar baya ta hau mata ƙafar dama. Allah ya yi da sauran kwananta, amma likitoci ba su iya ceto ƙafar ba daga gwiwa zuwa ƙasa.

Hukuma ta kafa kwamitin bincike. Shugaban sashen shari'a, Mista Leonard, shi aka ba jagoranci, Mashkura kuma sakatariya. Leonard mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi furfura a aikin gwamnati, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi, kuma ba wanda ya taɓa jin an ce ya karɓi abin wani. Aka zauna a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar layin, ƙarƙashin wata fanka mai kukan tsufa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mika'ilu, Bakano mai sayar da tayil da kwanon rufi, yana zaune a gefe da carbi.

Aka shigo da Jonah. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Leonard ya tura wa Mashkura kundin ƙa'idojin kasuwar, wani littafi mai koren bango da aka buga tun ba ta shiga jami'a ba.

Ya ce, "Barista, karanta masa sashe na goma sha bakwai, ki mayar masa da Hausa. Shi ne ake tuhumarsa da karyawa."

Ta buɗe ta fara. Sashen jimla ɗaya ce, amma ta cika shafi har ta tsallaka na gaba. Tana karanta Turancin tana juya shi: ba tare da la'akari da abin da ya gabata ba, kuma ba tare da an tauye abin da ke cikin sashe na tara ba, duk mai abin hawa, ko wakilinsa, ko wanda abin hawan ke hannunsa a lokacin, zai ɗauki matakan da suka dace gwargwadon hali yayin motsa shi ta kowace fuska, sai fa idan motsin ya faɗo cikin lokutan da aka keɓe a jadawali na biyu, matuƙar dai jami'in da abin ya shafa bai ba da wani umarni dabam ba. Kafin ta kai tsakiya numfashinta ya ƙare, ta kuma manta wa jimlar take magana a kansa tun farko. Ta koma baya ta sake kamo zaren, ta daure har ta kai aya.

Jonah yana ta kallon bakinta. Can ya ce, a hankali, "Madam, don Allah, to me takardan ya ce in yi?"

Mashkura ta juya ta dubi Leonard.

Leonard ya ce ma'anarsa a fili take, dole direba ya sa mutum a bayan mota. Wani ɗan kwamitin, shi ma lauya, ya ce a'a, wannan ya danganta da ko hantsi na cikin lokutan da aka keɓe, sai an duba jadawali. Aka duba, aka tarar jadawalin yana mayar da mutum ga sashe na tara, shi kuma sashe na tara yana magana ne a kan sharar kasuwa. Alhaji Mika'ilu ya ajiye carbi ya ce shi wallahi duk shekarun nan ya ɗauka sashen na hana ajiye mota a bakin shago ne. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira azahar, shi kuwa wanda ake tuhuma yana tsaye, hannuwansa a baya.

Bayan an tashi, Mashkura ba ta koma ofis ba. Ta wuce asibitin da aka kwantar da Lydia. Ta same ta a jingine da filo, an lulluɓe mata ƙafafu da zani, gefe ɗaya na zanin a kwance lamɓas. Suka gaisa, ta yi mata sannu. Lydia ba ta tambayi komai a kan kwamiti ba. Ta ce dai janareton mai walda ne ya hana ta jin motar, kuma damuwarta yanzu wa zai riƙe mata wurin sana'arta kafin ta fito, don ta ji wata har ta fara kafa tukunya a gurin.

A hanyar komawa gida Kubwa, cikin cunkoson motoci, Mashkura ta yi ta juya abin a ranta. Ita ma ta rubuta irin wannan jimla, ba sau ɗaya ba. Haka aka koya musu, haka ta tarar ana yi. Amma yau ta ga inda irin jimlar take ƙarewa.

Kwamiti ya gama aiki, ya ba da shawarar a sabunta kundin gaba ɗaya. Leonard ya miƙa mata aikin.

Ya ce, "Ki toshe duk wata kafa. Ki ƙara sashe a kan ja da baya, ki ƙara a kan masu abinci, ki ƙara a kan janareto. Kada a sake samun abin da ba mu ambata ba."

Ta ce to. Ta ɗauki kundin ta zauna, amma maimakon ƙari sai ta shiga yanka. Kowane sashe ta zo gare shi sai ta yi masa tambaya guda: wa ake so ya yi me? Wanda ya ba ta amsa ta rubuta amsar a layi ɗaya ko biyu. Wanda ya kasa ta ajiye shi gefe. Nan ta gano sassa da dama abu ɗaya suke maimaitawa da kaya dabam-dabam, wasu kuma suna ƙaryata juna, wani ma yana magana a kan wata ƙofar kasuwa da aka toshe da bulo tuntuni. Aikin ya fi ƙari wuya nesa ba kusa ba. Wani lokaci sai ta yini a kan jimla ɗaya, ta cire kalma ta ga ma'ana ta zube, ta mayar ta nemi wata ta cire.

Ranakun Asabar takan sa hijabi da takalmin roba ta tafi Dei-Dei. Ta zauna a bencin mai shayi inda direbobi ke jiran lodi, ta karanta musu layi, ta ce wani ya maimaita mata da bakinsa. Inda suka yi tuntuɓe ta san laifin rubutun ne, ta sa alama. Da farko sun ɗauka 'yar jarida ce, suna ta noƙewa. Daga baya har sukan matsa mata su ba ta wuri.

Da ta gama, kundin nan mai kauri ya koma shafi biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama. Sashen da aka tuhumi Jonah da shi ya zama haka: Kada mota ta ja da baya a cikin kasuwa sai da mutum a bayanta wanda direba ke gani. In ya ɓace wa direba, direba ya tsaya.

Ta kai wa Leonard. Ya ɗaga takardun biyu, ya juya bayansu, ya dubi hannunta ko akwai saura.

"Ina aikin?"

"Shi ne a hannunka, oga."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ba mutum ne mai faɗa ba. Ya ce ta zauna.

"Barista, doka ba karin magana ba ce. Ruwa ba ya tsami banza. Duk kalmar da kika yanke ɗin nan, wani ne ya taɓa kai mu kotu aka sa ta. Bari ma in nuna miki. Kin ce mota. To Keke Napep ɗin da ke ɗaukar siminti fa? Injin ɗaga kaya fa? Gobe ɗaya daga cikinsu ya taka mutum, lauyansa ya tashi ya ce abin da ya tuka ba mota ba ce. Me za ki ce wa alƙali?"

Mashkura ta dubi layin. Gaskiya ya faɗa, kuma abin ya yi mata zafi da ba ita ta gani ba. Ta karɓi takardar ta soke kalmar, ta rubuta abin hawa.

Ya ce, "Mai baro ma ke nan sai ya nemi ɗan jagora?"

Ta ƙara kalma biyu: mai inji.

"Kin gani? Ga shi kin fara ƙari. Haka waɗanda suka riga mu suka fara."

"Na ƙara ne don ka nuna mini wanda zai cutu idan ban ƙara ba, oga. Duk kalmar da aka nuna mini mutumin da za ta tsare, zan sa ta. Amma ka nuna mini wanda kalmar nan *notwithstanding*, wato ba tare da la'akari ba, ta taɓa tsarewa a Dei-Dei."

Ya yi ɗan murmushi. "Mu ta tsare. Ni da ke, da hukuma. Doguwar doka inuwa ce. In abu ya ɓaci, akwai inda za mu fake mu ce mun ambata."

"Mun ambata a sashe na goma sha bakwai. Ƙafar matar nan tana ina?"

Murmushin ya ɗauke. Ita kuwa da yake ta riga ta fara, sai ta ƙarasa. Ta ce a zamanta da direbobi ta ji abin da ba a rubuta a rahoto ba. Dokar da ba wanda ya gane ta, ta wanda ke riƙe da littafin ce. Jami'i ya ga dama ya buɗe shafin da ya so ya kama mutum, ya ga dama ya buɗe wani ya sake shi, kuma mutumin ba shi da bakin musu tun da bai san abin da aka rubuta ba.

Leonard ya ce, "Wannan zargi ne, kuma ba aikinmu ba ne."

"Mu muke ƙera musu sandar, oga."

Ya tattara takardun biyu ya miƙa mata. Ya ce ta bar aikin, zai ba wasu.

Ta yi tsammanin 'yan kasuwa za su tsaya mata, don haka ta je ta sami Alhaji Mika'ilu a shagonsa, tsakanin jerin tayil masu sheƙi. Ya sa aka kawo mata lemo, ya karanta ɓangaren Hausar yana gyaɗa kai. Ya ce kowane layi ya gane shi, kuma ba ƙarya a ciki. Sannan ya ninke takardar.

"Amma Barista, ki duba mini. Rabin gine-ginen Abuja daga nan aka ɗauki kayansu. In tara 'yan ƙungiya in ɗaga musu wannan in ce ga dokar kasuwarmu? Ko katin ɗaurin aure ya fi ta nauyi. Cewa za su yi an raina mu. Mutanenmu in ba su ga abu da kauri ba, ba sa jin tsoronsa."

"Alhaji, wancan mai kaurin shekara nawa yana ofishinku? Wa ya karanta?"

"Ba a karanta ba, amma ana girmama shi."

Ta gode da lemo ta tashi.

Sabon kundin da Leonard da mutanensa suka haɗa ya ninka tsohon. Ja da baya kaɗai an ba shi babi guda, da ma'anar ja, da ma'anar baya, da jerin ababen hawa har da waɗanda ba su taɓa shiga Dei-Dei ba. Aka sa ranar gabatar da shi ga Darakta, Hajiya Maimunat, mace mai kaifin ido wadda ba ta son a ja taro. Mashkura tana ƙarshen tebur da littafin rubuta bayanin taro, don wannan aikin dai ba a karɓe mata ba.

Leonard ya yi bayani, aka yaba. Darakta ta ɗaga kundin ta auna shi a tafin hannu, ta ce aiki ya yi kyau, saura mutane su ji. Tana so a mayar da shi Hausa a riƙa karantawa a lasifikar kasuwa, a kuma raba wa direbobi.

"Barista Mashkura, ke za ki yi mana fassarar."

Mashkura ta ajiye biro. Ta ɗago kai.

"Ranki ya daɗe, ba zan iya ba."

Darakta ta ajiye kundin.

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe. Na karanta shi. A Turanci mutum zai iya jera kalmomi su yi kama da magana. Da na zo mayar da shi Hausa, dole in san wa zai yi me, kuma a wurare da yawa babu amsar. In na fassara shi yadda yake, direba zai ji surutu a lasifika ya ci gaba da shan shayinsa. In na gyara shi ya zama magana, to na rubuta abin da babu shi a dokar, ranar da aka je kotu a ce ba haka aka ce ba. Ko ta ina, mutumin da ke bayan mota ne zai kwana a ciki."

Leonard ya ce, "Ranki ya daɗe, Barista tana da wani daftari nata. Na duba shi na ga bai isa ba."

Darakta ta miƙa hannu. Mashkura ta zaro shafukan biyu daga cikin littafinta ta tura mata. Hajiya Maimunat ta karanta, bai ɗauke ta lokacin shan kofin shayi ba. Ta buga biro a tebur.

"Wannan ya yi daɗin karatu. Ga abin da za a yi. A liƙa shi a ƙarshen kundin a matsayin taƙaitawa, a rubuta a ƙasa cewa in an sami saɓani, babban kundin ne doka. Kowa ya samu. Ke ma sunanki ya fito."

Wasu suka gyaɗa kai, an sami mafita. Wata abokiyar aikinta ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Mashkura ta san tayin na mutunci ne, ta kuma san abin da zai biyo baya idan ta ƙi.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ki gafarce ni. Wannan ya zama doka biyu ke nan, ɗaya ta karanta wa mutane, ɗaya ta kama su. Direba ya bi abin da na rubuta masa sau da ƙafa, a zo a buɗe masa wani shafi a ce ya yi laifi. Da in sa hannuna a wannan gara a bar takarduna a aljihun tebur. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Kin san umarni na ba ki?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

Darakta ta dube ta na ɗan lokaci. Ba fushi a fuskarta, sai dai irin kallon da ake yi wa wanda ya ƙi karɓar laima ana ruwa. Ta tura mata takardun, ta ce a ci gaba da batu na gaba. Mashkura ta ɗauki biro ta ci gaba da rubuta bayanin taro, har da nata ƙin, ta rubuta shi yadda ya faru.

Washegari takardar tuhuma ta iso teburinta, wadda a ofis ake kira kweri, ana neman ta bayyana dalilin da zai hana a hukunta ta. Abokan aiki suka yi ta zuwa da shawara. Wani ya kawo mata samfurin amsar da ta taɓa fitar da shi, shafi huɗu na ban haƙuri, tun daga tarihin shigarsa aiki har zuwa yawan 'ya'yansa. Maigidanta ma da safe, suna karin kumallo, ya ce mata ita ta san aikinta, amma ta tuna Abuja ba a faɗa da mai hatimi. Ta ce ta ji.

Amsar da ta rubuta ba ta cika rabin shafi ba. Ta ce an umarce ta ta fassara kundin, ta ƙi, saboda ba ta iya gano abin da yake umartar mutane su yi ba, kuma duk ranar da aka ba ta wanda ta gane za ta fassara shi a yinin. Ta sa hannu.

Leonard ne ya kawo mata sakamakon da kansa, ya rufe ƙofa. An mayar da ita ƙaramin ofishin hukumar da ke Karshi. Ya ce ya yi ƙoƙari abin ya tsaya a nan, don akwai masu son a dakatar da ita.

"Kina da kai, Barista. Amma kin ɗauka ke kaɗai kika damu da matar nan. Ni ma na je asibitin."

Ba ta san da wannan ba. Ta ce, "Na gode, oga. Ban ce ba ka damu ba. Na ce dai littafin ba zai hana a sake ba."

"Naki ma ba zai hana ba. Takarda ba ta riƙe birki."

"Haka ne. Amma nawa, wanda ke riƙe da birkin zai san abin da aka ce masa."

Ya tashi, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

An buga kundin da bango mai sheƙi, aka ƙaddamar da shi a wani otal, aka ci abinci. Fassarar aka ba wani ɗan kwangila, aka karanta ta a lasifika na ɗan lokaci, daga baya mai kula da lasifikar ya koma sanarwar cigiya da kiran waɗanda suka tare hanya. Jonah ƙungiya ta hana shi shiga kasuwar, ya koma ɗaukar doya daga Lafiya. Lydia ta fito da sanduna, 'yan cocinsu da wasu masu shaguna suka haɗa mata rumfa a bakin titi, ƙanwarta na dafawa ita tana zubawa.

Karshi kuwa tafiya ce. Daga Kubwa sai ta ratsa gari gaba ɗaya, ta bi ta Nyanya da Karu da Orozo, ta isa da ƙura a gefen hijabi. Ofishin ɗaki biyu ne a kusa da kasuwa, da kabad ɗin ƙarfe wanda ba ya rufuwa. Shugabar wurin, Madam Perpetual, mace ce mai jiki da fara'a, ta kusa ritaya, Hausarta irin ta kasuwa. Ta riga ta ji labarin baƙuwar tata.

Ta ce, "Ke ne lauya mai taurin kai? Zauna. Nan ba mu da lokacin faɗa, aiki ya fi mu yawa."

Ba a jima ba rigima ta taso. Ranar kasuwa motocin doya da na gawayi sukan cushe ƙofar gabas tun da sassafe, masu awaki su rasa ta inda za su shigar da dabbobinsu, har an kai ga ɗaga sanda. Aka tara shugabannin ɓangarorin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke gaban ofis. Aka yini ana magana, da ƙyar aka daidaita: motoci su sauke kaya da safe su fita, dabbobi su shigo bayan nan, kuma ba mai kwana da mota a ƙofar. Madam Perpetual ta ce Barista ta rubuta a liƙa, ta jawo mata wani tsohon fayil na sanarwoyi don ta ga yadda ake farawa.

Mashkura ba ta buɗe fayil ɗin ba. Ta rubuta layi uku a farar takarda, ta fita ƙarƙashin mangwaron tun mutanen ba su watse ba, ta karanta musu. Shugaban masu awaki ya ce kalmar safe ba ta yi masa ba, don safiyar mai doya takan kai azahar. Aka yi dariya, aka yi ta ciniki har aka tsaya a kan ƙarfe tara. Ta soke, ta rubuta ƙarfe tara, ta sake karantawa. Ta sa mai doya ya maimaita, ta sa mai awaki ya maimaita, bakinsu ya zo ɗaya.

Ta koma ciki ta ajiye takardar a gaban shugabarta. Madam Perpetual ta karanta, ta ɗago.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Madam."

"In hedikwata suka gani za su ce ba mu yi aiki ba."

"Sai su zo ranar kasuwa su tsaya a ƙofar gabas."

Madam Perpetual ta yi dariya har kujera na motsi. Ta jawo aljihun tebur ta lalubo hatimi, ta hura masa iska, ta buga. Mashkura ta ɗauki takardar da ƙullin gam ta nufi ƙofar kasuwa.